Dutsen Bakin Teku da Tsarabar Littafi



An nemi in yi magana a kan ilmin 'ya'yanmu. To, zan fara da wannan dutse da kuke gani a hannuna, kada wani ya ce tsufa ya fara taɓa Malam.

A shekarar 2023 na kai wa ɗana ziyara a Ingila, inda yake aiki. Ran nan ya ɗauke mu zuwa wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin ƙasar, ana ce masa Lyme Regis. Da ruwa ya janye, sai na ga mutane, yara da manya, kowa ya sunkuya yana dube-dube kamar masu kalar gyaɗa. Can sai jikata 'yar shekara tara ta sheƙo da gudu, ta ce, "Kaka, duba!" Na karɓa, na ga dutse ne mai zane a nannaɗe kamar ƙahon rago. Ta ce mini sunansa amonait, wata halittar ruwa ce mai ƙwanso da ta rayu kusan shekara miliyan 190 da suka shige, laka ta binne ta, a hankali ta zama dutse. Har ta gargaɗe ni cewa wanda ya faɗo ƙasa ake tsinta, ba a haƙar jikin gangaren, domin yana zaftarewa.

Jama'a, shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, amma ranar ni ne ɗalibi. Na tambaye ta inda ta koyo. Ashe wani ɗan littafi ne maƙwabciyarsu ta ba ta kyauta. A cikinsa ta karanta labarin Mary Anning, 'yar wani kafinta matalauci ta wannan gari, wadda aka haifa a 1799. Tana da shekara goma sha biyu ita da wanta suka gano ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da ta ƙare tun da daɗewa. Ba ta yi zurfi a makaranta ba. Aron rubuce-rubucen masana take yi tana kwafewa da hannu, har masanan suka koma neman shawararta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu ma muna da irin wannan a ƙasarmu. Shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, teku ne ya rufe yankin Sakkwato har zuwa cikin Nijar. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, daga ragowar halittun wannan teku ta samu. Akwai ma wata dabbar ruwa da masana suka laƙaba wa suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Yaron karkara zai tsinci irin wannan dutse ya sa a danƙo ya harbi tsuntsu, bai san abin da ya jefar ba. Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa miƙa masa littafi.

Da dare na ciro Magana Jari Ce daga jakata na ba jikar tawa. Ta juya shi, ta dubi hotuna, ta mayar mini, ta ce ba ta iya karanta Hausa ba. Ban yi barcin kirki ba a daren nan. Ta can ta san dutse ba ta san harshenta ba, na gida sun san harshe ba su da abin karantawa.

Don haka roƙona gare ku, ku mazauna Legas da Abuja da Kaduna da Fatakwal: in za ku zo gida da Sallah, cikin tsarabar shadda da takalma a sa littafi. Ga yaro ɗan firamare, ban ga kamar Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ba, littafi uku ne, a fara da na ɗaya. A haɗa masa da Ruwan Bagaja, zai yi dariya har ya gode. Wanda ya shiga sakandare a ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gajere ne, amma yana sa mutum ya yi shiru bayan ya gama. Mai yawan tambaya a kan taurari a nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Wanda na fi so a samu kuwa shi ne Ikon Allah, wanda Imam da Dokta East suka rubuta a kan halittu iri-iri. Samunsa sai an tona, amma duk wanda ke da tsohon kwafi a akwati ya taimaka ya fito da shi.

Shawara ɗaya daga tsohon malami: a rubuta sunan yaron a shafin farko, da ranar da aka ba shi. Na lura littafin da ke ɗauke da sunan yaro ba ya ƙarewa a hannun mai ƙosai. Kuma a sayi biyu, ɗaya na yaron gidanku a birni, ɗaya na makarantar firamaren da ta yaye mu, wadda kabad ɗinta na littattafai yau ɓeraye ne kaɗai ke ziyartarsa.

Dutsen zan bar shi a kan teburin sakatare, mai so ya zo ya taɓa. A gefensa akwai takarda, kowa ya rubuta littafin da ya ɗauki alkawarin kawowa. Na riga na rubuta nawa.