Furen Makiyayar Yammacin Amurka Mai Taurin Iri

Sharhin yau ya shafi wani tsiron daji mai fure ruwan lemo, wanda masana tsirrai ke kira Sphaeralcea, da ke fitowa a busassun makiyayan yammacin Amurka, kamar na jihohin Nebada da Yuta. Ɗan uwan rama ne da kuɓewa da auduga, kuma tumaki da barewar yankin na kiwonsa, ƙudan zumar daji kuma na rububin furensa.

Matsalar shukarsa tana ga iri. Ƙwayar na da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa takan kwana shekaru a ƙasa ba ta tsiro ba. Masu renonsa sukan goge ɓawon da takardar yashi, ko su tsoma irin cikin tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu kawai, domin idan ya daɗe zai mutu. Daga nan sai a shuka shi sama-sama gab da hunturu, a bar danshin ƙanƙara ya tashe shi.

Wahalar ba ta banza ba ce, masu sauraro. Wata baƙuwar ciyawa daga Turai da Asiya ta mamaye makiyayan, tana bushewa da wuri, gobara na binta, kuma bayan gobara tsirrai 'yan ƙasa masu zurfin saiwa irin wannan ake buƙata su riƙe ƙasa kafin baƙuwar ta sake kankamawa.