Wa Ke Riƙe da Makullin Ruwa? Daga Kogin Gari Zuwa Tafkin Chadi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani a garin Roni



An nemi in yi magana a kan binciken koguna da tafkunan da maƙwabta ke tarayya a kansu, da yadda za a mai da shi aiki. Ba sai mun je nesa ba. Ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, mutanen yankin nan sun wayi gari madatsar ruwan Gari tana wata jiha, gonakin da ake son ta shayar a Roni da Kazaure suna wata. Kogin bai sake hanya ba, hukuma ce ta rabu biyu. Ga Babura kuma a bakin iyakar Nijar. Maganar ruwa da iyaka, mu ganau ne ba jiyau ba.

Ra'ayina shi ne ba ƙarancin bincike ke damunmu ba. Binciken yana nan jibge, ƙafar da za ta kai shi bakin kogi ce babu.

Ku dubi 'yan'uwanmu na Haɗeja. An gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. A da, kogin Haɗeja kan yi ambaliya da damina ya cika fadamu, da rani ya janye, ƙasa ta sha iska. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta samu wurin zama. Wanda bai taɓa ganinta ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, saiwarta a sarƙe kamar tabarma. Masunci ya tura kwalekwale ta tare shi, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gonakin mutane, tsuntsayen jan-baki kuma su kwana cikinta, da asuba su sauka kan shinkafa. Tun farkon shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier suka lissafa, suka nuna cewa ruwan da ya isa fadamar Haɗeja da Nguru ya fi kawo riba, ta kifi da noma da itace, a kan daidai shi da aka tare don noman rani a Kano. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka hallara a Damaturu suka amince da tsarin kula da kogin, har da asusu na musamman. Kacala dai tana nan.

Tsakanin ƙasa da ƙasa ma haka. Tun 1964 aka kafa Hukumar Tafkin Chadi, lokacin da faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. (A yi adalci: akasarin ruwan tafkin daga kogin Chari da Logone yake zuwa, namu na kogin Komadugu ɗan taɓawa ne, amma manoman tattasai na Diffa da shi suke rayuwa.) A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan koguna huɗu bisa adalci, ciki har da kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya, shi ne kuma Gulbin Maraɗi idan ya ƙetare iyaka. Manoma nawa ne a Jibiya ko Madarumfa ta Nijar suka taɓa jin abin da takardar ta ƙunsa?

Manomin da ya yafa irin tumatir ko albasa a bakin Gari ba ya neman rahoto mai shafi ɗari. Tambayarsa uku ce: yaushe za a sako ruwa, kwana nawa zai yi, wa zan gani idan bai zo ba? Duk binciken da bai amsa waɗannan ba, kwalliya ce da ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Don haka abin da nake kawowa gaban taro mai araha ne. A kafa sandar awon ruwa a gadojin da kogin ke ratsawa, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure su riƙa rubuta abin da ta nuna, don idan gardama ta tashi a yi ta da alƙaluma, ba da rantsuwa ba. A fitar da jadawalin sakin ruwa kafin a shiga aikin rani, a faɗe shi a rediyo da masallatan Juma'a, da Hausa. Abu mafi wuya, kuma mafi amfani, shi ne zama: mutanen Kunci da ke kan ruwa, inda madatsar Gari take, da mu da ke ƙasa, tare da makiyayan da ke shayar da dabbobi, mu riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a shekara a gaban masu riƙe da makulli.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, wannan zaman ba ya jiran Abuja. Ina roƙon ku aika wa takwarorinku na Kunci goron gayyata kafin ruwan bana ya ɗauke.