Jawabin da Na Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai Kan Laburaren Makarantarmu

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Kwamiti ya ɗora mini nauyin tsara jerin littattafan da za mu saya wa makarantarmu. Kafin in fara, sai da na leƙa laburaren. Wallahi abin da na tarar ya sosa mini rai. Kwafin Magana Jari Ce ɗaya ne tak ya rage, shi ma gara ta cinye farkonsa, yaro ba zai san yadda aka yi aku ya shigo fada ba.

Don haka na sa Alhaji Abubakar Imam a gaba: Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, da Ruwan Bagaja. Sai 'yan'uwansa na gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wato Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na ƙara da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, na 1980, domin 'yan matanmu su ga mace ma ta riƙe alƙalami.

Wani abokina ya yi mini dariya da ya ga na sa littattafan yara masu hotuna, wai ai nan sakandare ce. To, ku tambayi malaman aji ɗaya. Akwai yaran da ke zuwa ba su iya haɗa baƙi ba, kuma hoto ne ke jawo irinsu su buɗe littafi ba tare da jin kunya ba.

Roƙona shi ne kowannenmu ya ɗauki nauyin littafi biyu kafin a koma hutu. Takardar tana wurin ma'aji.