Jawabin Rufe Horon Shugabannin Makarantu kan Ƙa'idojin Sayayya, Kalambaina

 

Mai girma Ubanƙasa, ranka ya daɗe. Iyayenmu 'yan kwamitin makarantu. 'Yan'uwana hedimastoci maza da mata.

Duk wanda ya biyo hanyar nan da safe ya ga tirelolin siminti. Tun 1967 ake fitar da siminti daga Kalambaina, kuma kowace mota da takardarta take fita. To me ya sa buhun nan in ya iso makarantunmu sai lissafinsa ya ɓace?

Shekarar da aka fara ba ni makaranta, kuɗin gyara suka shigo. Na kira wani kafinta da na sani, muka gama ciniki a gindin darbejiya, ya kawo benci 30 na ɗanyen katako. Kafin kaka sun banƙare, ƙusoshi na yage wa yara wanduna. Da mai binciken kuɗi ya nemi rasit, fallen takarda na miƙa masa, wanda aka yago daga littafin rubutu. Wallahi ban ci kwabo ba, amma ba ni da abin nunawa. A kwaleji an koya mini tsara darasi. Sayen ƙusa da kuɗin jama'a kuwa, ba wanda ya taɓa zaunar da ni a kansa.

Ku an zaunar da ku. Kun ji dokar sayayya ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya wa hannu. Ta ce a ƙaramar sayayya a nemi farashi daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna. Ta hana datsa kwangila gunduwa-gunduwa don a kauce wa ƙa'ida, ta kuma ce a adana takardu shekara 10. Ku riƙe kalmar "alaƙa" da kyau: kafinta da ƙanensa da surukinsa ba mutum uku ba ne.

Da can kuɗi a ofis suke tsayawa. Amma da shirin tallafa wa ilimi na NIPEP ya zo a 2015, da dala miliyan 100 ga Sakkwato, Kano, Katsina, Kaduna da Jigawa, tallafi ya riƙa sauka kai tsaye a asusun makarantu. Amanar baitulmali da Malam Abdullahin Gwandu ya yi wa mahukunta bayani a Liya'ul Hukkami, yau ga wani yankinta a durowar hedimasta.

A ganina babban abin da horon nan ya ba ku shi ne bakin magana. Ranar na zuwa da wani babba zai aiko yaronsa, ya ce a ba shi aikin rufin aji. Wanda bai san doka ba kunya za ta ci shi, ya sa hannu. Kai kuwa sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ya kawo farashinsa, kwamiti zai duba tare da na sauran." Ba ka yi rashin ladabi ba, ba ka kuma sayar da inuwar yara ba.

Roƙona gare ku: kada takardar shaidar nan ta ƙare a jikin bango. Ranar Litinin ku tara kwamiti, ku buɗe littafin kaya, ku ƙirga buhu a gaban iyaye kafin mota ta juya, ku liƙa abin da aka kashe a ƙofar ofis. Ku kuma iyaye, ku zo ku karanta, ku yi tambaya.

Ina taya ku murna. Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.