Daga Babakeren NITEL zuwa Gasar Kamfanoni: Wa Ke Riƙe da Wayar Jama'a?



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne sha'anin sadarwa a ƙasarmu, watau wayar tarho da intanet. Mutane sukan yi gardama a kan tsadar kira da katsewar layi, wasu su ɗora wa kamfanoni laifi, wasu su ɗora wa gwamnati. Ni kuwa so nake mu bi tarihin al'amarin, mu ga yadda aka fita daga hannun mai kasuwa guda, da kuma abin da ya rage a gyara.

Dalilin Babakere

Da farko ya kamata mu fahimci abin da ya sa sana'ar waya take son taruwa a hannu guda. Dalilai uku ne. Na ɗaya, kafa ta yana cin dukiya mai yawa, domin sai an shimfiɗa wayoyi an kakkafa turaku kafin a karɓi ko kwabo. Na biyu, amfanin waya yana ƙaruwa ne da yawan masu ita, saboda haka kowa ya fi son ya shiga layin da 'yan'uwansa suke. Na uku, zangon iska da saƙo ke bi a cikinsa ƙayyadadde ne, in mutum biyu suka hau zango guda sai maganarsu ta cakuɗe, don haka dole a sami mai rabawa.

Saboda waɗannan dalilai ƙasashe da yawa suka bar waya a hannu guda. A Ingila gidan waya na gwamnati ne ya riƙe ta. A Amurka kuwa kamfanin AT&T ne ya mamaye ta, har gwamnati ta kai shi kotu, aka raba shi a 1984, aka fitar da kamfanoni bakwai na yankuna daga jikinsa. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

Zamanin NITEL

A Nijeriya an haɗa Ikko da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku tun 1886, domin biyan bukatar masu mulkin mallaka. Bayan samun 'yancin kai, Ma'aikatar Gidan Waya ce ke kula da wayar cikin gida, wani kamfani dabam na gwamnati kuma yana kula da ta ƙetare. A 1985 aka haɗe ɓangarorin nan biyu aka kafa NITEL.

To, me babakeren nan ya haifar? Ya zuwa shekara ta 2000, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100 ba ta da layukan tarho da suka kai rabin miliyan, galibinsu kuwa a ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni da gidajen masu hali suke. Mai neman layi yakan jira shekaru. Ɗan kasuwar Kano da ke son ya san farashin kaya a Ikko sau da yawa sai ya hau mota, ko ya ba direba wasiƙa. Ba ƙarancin gwanayen injiniyoyi ne ya jawo haka ba. Abin da ya jawo shi ne, mai sayarwa guda ne, kuma gwamnatin da ya kamata ta tsawata masa ita ce mai shi. Wanda aka zalunta ba shi da wani shagon da zai koma, ba shi kuma da alƙalin da zai kai wa ƙara.

Gwanjon 2001

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, da dokar soja mai lamba 75 ta 1992, amma ƙarfinta bai bayyana ba sai bayan komowar mulkin farar hula a 1999. A watan Janairu na 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, hukumar a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya, aka keɓe wa NITEL nata, kamfani na uku da ya ci gwanjon kuwa ya rasa lasisin saboda bai cika sharaɗin biya ba. A watan Agusta na shekarar kamfanonin biyu suka fara aiki.

Ina roƙon ma'aikatan gwamnati su lura da yadda aka yi wannan aiki. An bayyana ƙa'idoji tun kafin a fara, an yi tayi a fili, wanda ya saɓa sharaɗi kuma an hana shi. Da a ɗaki aka raba lasisin nan tsakanin 'yan gaban goshi, da babu mai dukiyar da zai yarda ya zuba kuɗinsa a turaku.

Duk da haka farkon abin bai yi wa talaka daɗi ba. Katin layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, kira kuwa naira 50 ne kowane minti, ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi yana magana. Sai a 2003 da Globacom ya shigo ya fara lissafi da daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi sahu. Abin da koke-koken shekara biyu bai samar ba, abokin gasa guda ya samar da shi. A shekarar ne kuma Majalisar Tarayya ta yi Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ta ƙarfafa ikon hukumar. A 2013 aka ba mai layi damar ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

NITEL kuwa bai iya gasa ba. An yi ta ƙoƙarin sayar da shi ana kasawa. An miƙa shi ga Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga bisani aka sayar da kadarorinsa ga NATCOM a kan dala miliyan 252, aka miƙa su a 2015.

Abin da Ya Rage

Kada mu ɗauka magana ta ƙare. Akwai haɗari iri biyu.

Na farko, kasuwa tana komawa ga taruwa. A Amurka, ɗaya daga kamfanoni bakwai da aka fitar daga AT&T ya yi ta haɗiye 'yan'uwansa, har a 2005 ya saye uwar tasu ya ɗauki sunanta. A nan ma manyan kamfanonin salula huɗu ne, kuma kusan rabin masu layi suna hannun MTN. Inda 'yan kasuwa suka yi ƙaranci haka, ba gasa kaɗai ke tsare mai saye ba, sai da sarkin kasuwa mai duba mudu. Hukumar ta taɓa nuna haƙoranta. A 2015 ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka miliyan 5.2 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, watau naira 200,000 kowane layi. Bayan sasantawa aka mayar da tarar naira biliyan 330 a 2016. Haka kuma a watan Janairu na 2025 ta amince a ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan kamfanoni sun koka da faɗuwar naira da tsadar man injin da turakunsu ke sha. Ko wannan ƙari daidai ne ko ya yi yawa, haƙƙin mai layi ne a baje masa lissafin da aka dogara da shi.

Haɗari na biyu ya fi wannan nauyi, domin ya shafi mulki. Tun da hanyoyin maganar jama'a duka ta ƙofa huɗu suke bi, wasiƙa guda daga hukuma ta isa ta rufe su. A 2013 an katse wayar salula a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumba na 2021 an katse ta a Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Yuni na wannan shekarar gwamnati ta dakatar da Twitter bayan ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe shi ba sai a Janairun 2022, daga baya kuma Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Ba na musun cewa tsaron rai yana gaba da ciniki. Amma wayar da ɗan bindiga ke kiran mai kai masa rahoto da ita, ita ce manomi ke kiran jami'an tsaro da ita, ita ce kuma mai naƙuda ke neman mota da ita. Saboda haka duk sa'ad da za a rufe, tilas a san wace doka ce ta ba da iko, wa ya sa hannu, kwana nawa za a yi, kuma a gaban wa za a auna ko rufewar ta yi amfani. In ba a amsa waɗannan ba, to an kau da babakeren kamfani ne an bar na hukuma.

Kammalawa

Jama'a, abin da tarihin nan ya nuna shi ne, mai waya ya sha wuya a lokacin da ɗan kasuwa da alƙalin kasuwa suke mutum guda, ya kuma sami sauƙi da aka raba su. Hukumar sadarwa ba ta gwamnatin da ke ci ba ce, ba kuma ta kamfanoni ba ce, amana ce ta mai sayen katin naira ɗari. Ku ma'aikata, a teburinku ake rubuta takardun da ke buɗe layi da masu rufe shi, sai ku tabbata kowace takarda tana da dokar da ta tsaya a kanta. Ku kuma ɗalibai, ku nemi Dokar Sadarwa ta 2003 ku karanta, domin gardamar wanda ya san doka ita hukuma ke saurara.

Mai girma Shugaba, a nan zan tsaya domin a sami lokacin tambayoyi.