MAI LAIMA TA ƘASAN TEKU: Ayar Allah a inda rana ba ta kaiwa

Wannan shi ne jawabin da Malam ya yi wa matasan 'yan uwa na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi a zaman ta'aliminsu, bayan wani ɗalibin sakandare ya tambaya ko karatun ilimin halittu ɓata lokaci ne ga mai neman addini.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tambayar wa ya taɓa haƙo gaiwa da rani a fadamar gulbin Gagare ko Bunsuru. Hannuwa suka tashi. Ya ce to kun ga kifi mai huhu, wanda idan ruwa ya janye sai ya nutse cikin laka, ya lulluɓe kansa da yauƙin jikinsa, ya bar 'yar kafar shan iska, ya yi watanni a haka har damina ta faɗi. Ko da Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci, gaskiya ya faɗa, domin tsokarta take narkawa ta rayu. "Wannan a bayan gidanku ke nan," in ji Malam. "Yau zan kai ku inda babu ɗayanmu da ya taɓa zuwa."

Ya ce a teku akwai wata halitta mai hannuwa takwas, marar ƙashi, wadda Larabawa ke kira akhɗabuɗ, Turawa kuma oktofas. Zuciyarta uku, jininta shuɗi ne, saboda sinadarin tagulla ne ke ɗaukar iska a cikinsa, ba na ƙarfe ba kamar namu. A danginta akwai wadda fata ta haɗe hannuwanta, idan ta buɗe su sai ka ga laima sak, ga wasu filafilai biyu a gefen kai kamar kunnen giwa, da su take iyo. Yawancinsu ba su wuce tsawon taƙi ɗaya da rabi ba.

A nan Malam ya daɗe, yana kwatanta gidanta. Hasken rana yana fara dusashewa daga zurfin mita 200, kafin mita 1,000 ya ƙare ƙurmus. Ita kuwa daga nan ne ma take fara jin daɗi. A shekarar 2020 wasu masana biyu, Alan Jamieson da Michael Vecchione, suka buga bayanin wadda na'urar ɗaukar hoto ta gani a ramin Java, cikin Tekun Indiya, a zurfin mita 6,957. Ya ce ku ƙaddara rijiya ce mai gaba kusan dubu huɗu, alhali rijiyar unguwa mai gaba ashirin ma sai an haɗa igiya. Ruwan da ke can sanyinsa ya kusa na ƙanƙara, nauyinsa kuma a kan wuri kamar farcen babban yatsa ya kai na buhun siminti 14. Tankin ƙarfe zai lanƙwashe kamar gwangwanin madara. Amma wannan baiwar Allah, mai laushi kamar kunun da ya kwana, tana yawonta, domin babu kogon iska a jikinta da ruwa zai matse.

Malam ya ci gaba da cewa 'yan uwanta na bakin teku suna da jakar tawada, idan maƙiyi ya taso sai su fesa su ɓace. Ita ba a ba ta ba. Me za a yi da tawada a cikin duhu? Abincinta tsutsotsi ne da ƙananan dangin jatan lande, sai ta kifa laimarta a kansu ta haɗiye su ɗungurum. Su kuma suna rayuwa ne da ɓarɓashin matattun halittu da ke gangarowa daga sama a hankali kamar ƙurar hunturu. Tunda babu rani babu damina a can, macen tana ɗauke da ƙwai kashi-kashi, wani ya nuna wani bai nuna ba, tana maƙala shi a jikin murjani ko wani abu mai tauri ta wuce. Ɗan da ya fito a shirye yake fitowa, da filafilansa yana iyo, ba uwa ba raino. Ya tunatar da ma'anar aya ta 6 a Suratu Hud, cewa arzikin kowace dabba da sanin mazauninta suna ga Allah.

Sai ya ja kunne. Ya ce aya ta 40 a Suratun Nur ta buga misali da duffan teku mai zurfi, kuma mumini yana ƙara yaƙini idan ya ji wannan bayani, amma kada ɗan uwa ya mayar da abin bakin gardama a tasha, yana tinƙaho da binciken da ko sisi bai sa a ciki ba. Waɗanda suka ƙera jirgin, suka saukar da na'urar, ba mu ba ne. An umurce mu da tafakkuri, wasu suka yi aikin, mu muka tsaya muna cewa ai dama mun sani. Daga nan ya juya ga mai tambaya, ya ce ya san halin da ake ciki, ya san yadda aka rufe makarantun Zamfara a 2021 saboda 'yan bindiga, kuma da yawan waɗanda suka zauna gida a lokacin ba su koma ba, wasu sun tafi haƙar zinare, wasu acaɓa. Ya ce wanda har yanzu yake da kujera a aji, ya riƙe ta, ya haɗa da zaurensa na Ahalari da Iziyya, kuma 'yan uwan kowane gari su binciko waɗanda suka bari, a ga wanda kuɗin jarrabawa ne kawai ya tsayar da shi.

A lokacin tambayoyi wani matashi daga Shinkafi ya tambaya ko ana cin ta. Malam ya yi murmushi, ya ce a mazhabar Imamu Malik abin da ke rayuwa a teku halal ne, saura wanda zai sauko mita dubu bakwai ya kamo. Aka yi dariya, sannan aka kira sallar La'asar.