Tunanin Malaman Jihadi da Fassarar Adabin Hausa na Zamani



Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: da wane ma'auni za mu auna littattafan Hausa na boko? Masu nazarin adabi a ƙasar Biyetnam sun daɗe suna fama da irinta. Babbar waƙarsu, wato labarin Kieu, wadda Nguyen Du ya tsara, wanda ya rasu a 1820, ba ta fahimtuwa sosai sai an san koyarwar addinin Buda cewa aikin mutum yana bin sa, kuma duniya gidan wahala ce. Da wannan fitila suke haska har rubuce-rubucensu na zamani. Mu ma muna da tamu fitila, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka kunna ta shi ne Sifawa, kusa da Boɗinga.

A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan cin Alƙalawa a 1808, har ya koma Sakkwato a 1815. A nan ne, cikin 1812, ya raba ɗawainiyar mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Koyarwar nan tana da fuska biyu. Ta farko ita ce zuhudu, da haƙuri, da yarda da ƙaddara. Ta biyu ita ce umurni da kyakkyawa, da hani ga mummuna, da tsawatar wa azzalumin sarki da mugun malami.

To, mu ɗauki littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da idon Turai zai ce jarumin ba shi da kuzari, domin an sace shi yana yaro, an kai shi ƙasar Larabawa, bai tayar da ƙayar baya ba. Amma ga wanda ya san fuska ta farko, haƙurin Umar da neman iliminsa su ne jaruntakar, kuma wahalar mahaifiyarsa, wadda ta faɗa bauta wajen nemansa, ita ce hukuncin da marubucin ya yanke wa cinikin bayi.

Haka kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ana ɗaukarsa abin ban dariya kawai, alhali kuwa damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi da rigar malanta tana tuna mana irin malaman da Shehu ya yi ta suka. Ita wannan fuska ta biyu ce kuma Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya gada a waƙoƙinsa na siyasa, inda ya gargaɗi sarakuna a kan adalci.

Sai dai a kula. Mai nazarin da ya riƙe haƙuri kaɗai zai mayar da adabinmu wa'azin miƙa wuya ga zalunci. Wanda ya riƙe tsawatarwa kaɗai zai kasa gane dalilin da ya sa Umar ya ƙare rayuwarsa yana karantar da almajirai. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu su haɗa karatun littattafan boko da na malaman jihadi, su kuma koyi ajami, domin a cikinsa aka ajiye waƙoƙin Shehu da na 'yarsa Nana Asma'u.

Allah ya sa mu amfana.